Tsohon da Ke Wasa Mana Ƙarfen Rijiya

Ranar Laraba muka binne surukina, cikin bazara, ana zafin da ko akuya ba ta barin inuwa. Ni na haƙa kabarin. Samarin unguwa sun zo da diga da shebur, na ce su zauna. Ƙasar wurin marmara ce, ta ci mini hannu, amma ban bari kowa ya karɓe ni ba sai wajen kwashe ƙasa.

A coci fasto ya ce marigayi mutum ne mai haƙuri da sanyin baki. Na ga surukata ta ɗaga kai ta dube shi. Ta zauna da mutumin fiye da shekara hamsin, ta san ba haka ba ne. Ba ta yi kuka a bakin kabari ba. Da matan zumunta suka kewaye ta suna waƙa suna kaɗa tukwanen kiɗansu, cewa ta yi, "Ya huta, ni ma kunnena ya huta." Sai da la'asar ta yi, lokacin da ta saba kai masa kunu maƙera, ta dama, ta zuba a kwanonsa, ta kai bakin ƙofa, sannan ta tuna. Nan ta zauna a ƙasa da kwanon a hannu. Ba wanda ya iya ɗaga ta.

Wani tsohon Bafulatani ya hawo babur ɗin kabu-kabu tun daga wajen Sakaba. Bai shiga coci ba. Ya zauna gindin ɗorawa ya yi addu'arsa irin tasu, ya ce mini, "Sannu da haƙuri. Tun ina da baƙin gashi ban kai addata wurin wani ba." Bai ci abinci ba ya koma.

Babban ɗan marigayi ya zo daga Kaduna da rumfa da kujerun roba da kalanda mai hoton tsohon. A hoton an sa masa babbar rigar da ban taɓa ganinsa da ita ba. Ya leƙa maƙera ya ce a share tarkacen nan kada baƙi su ji ciwo. Ba mugu ba ne. Tun yana ƙarami ya bar gida, bai san abin da yake kallo ba.

Kowa ya faɗi nasa. Ba wanda ya faɗi abin da ya fi damuna. Iya sanina, a duk ƙasar Zuru tsohon nan kaɗai ya san gyaran bakin ƙarfen da muke haƙa rijiyar fadama da shi. Mutum ɗaya ya yi niyyar koya wa, ni ne. Ni kuma na ɓata shekara uku ina fushi da shi. Shi ya sa nake wannan magana, ni da ba mai dogon zance ba.

Gajere ne, baƙi, kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu saboda masaba. Ba ya gaisuwa mai tsawo. In ka kawo masa fartanya ko lauje ko gatari, kafin ya tambayi gida zai juya ƙarfen, ya bi bakin da babban yatsa, ya ce, "Wa ya taɓa shi?" In ka ce ba kowa, sai ya miƙo maka abinka ya ce ka je ka tuno ka dawo. Zagi da yarenmu yake yi, bayanin ƙarfe kuma da Hausa. In yana washi ba ya magana, ko fasto ne ya shigo sai ya jira. Ran Lahadi ba ya hura wuta, sai dai lokacin yankan shinkafa, ya ce Allah ma ya san lauje ba ya jiran Litinin.

Ba ya wasa wa mai fushi ƙarfe. Na ga ranar da wani maƙwabcinsa ya shigo da adda, ido ja, sun yi rigimar iyakar gona da ɗan'uwansa. Tsohon ya karɓa, ya duba, ya cire ƙotar ya jefa cikin wuta. Ya ce ƙotar ta ruɓe, sai an sassaƙa wata. Ƙotar nan lafiyarta lau. Kwana huɗu mutumin yana zuwa, kullum ana ce masa itacen bai bushe ba. Ranar da ya ba shi addar, dattawa sun riga sun raba iyakar.

Ni ta hanyar golmo na san shi, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinya a wurinmu kafin a ba shi aure. Shekara bakwai ake yi. Damina biyar na yi a gonarsa ni da abokaina, bai taɓa ce mini sannu ba. Fartanyata yake dubawa, ba fuskata ba. Da aka ɗauke ni soja na je na gaya masa, ina jin zai ce maganar aure ta mutu. Yana zuga wuta, bai juyo ba.

Ya ce, "Saura nawa?"

Na ce, "Biyu, Baba."

"Ka ɗauki matarka. Biyun nan ka dawo da rai, sun wadatar."

Daga ranar bai sake kirana da sunana ba. Soja yake ce mini har ya mutu.

Na dawo da rai. Yatsu biyu na hannun hagu sun zauna can ƙasar da aka kai mu yaƙi, kunnen dama kuma ya toshe. Ba zan yi maganar can ba. Da na dawo ba na iya zama cikin mutane, kasuwa ma ba na shiga. Matata ce ta je ta gaya wa ubanta. Shi ya haɗa ni da wani mai haƙa rijiyar noman rani da ke neman abokin aiki. Ya ce aikin daji ne, ba surutu, zai dace da ni. Ya dace.

Ƙarfen haƙar dogo ne, yana da hannu biyu a sama, mutum biyu ke murɗa shi. Daga ƙasa akwai wani abu kamar bokiti mai buɗaɗɗen gindi, da baki biyu da aka ɗaure da noti. Bakin ya yanki ƙasa, bokitin ya cika, a ciro a zazzage, a ƙara bututu a sake zurawa. In an kai yashi mai ruwa sai a sa fayif a ɗaura inji. Duk aikin a bakin nan biyu yake. In suna ci, yini biyu kun gama. In sun dakushe, sai ku yi ta zagaya rami kamar jakai.

Ba ƙirar nan ba ne, daga waje aka kawo shi. Ranar da ya fara dakushewa na kai wa tsohon. Kwana uku yana juya shi bai taɓa shi da komai ba. Rana ta huɗu ya gyara. Ban tsaya na ga yadda ya yi ba. Ya ce, "Soja, zauna ka gani." Na ce ana jirana. Haka muka yi ta yi shekara biyu. In kawo, ya ce in zauna, in ce wani zuwan. Ina ganin tsohon yana nan, ba inda za shi.

Sai matata ta kwanta. Zazzaɓi ne, na ɗauka irin wanda aka saba. Akwai aiki a Wasagu, rijiya shida, na tafi. Lokacin wayar hannu ta shigo Zuru amma ba ta kai can ba. Wanda aka aiko a kan babur ya yi yini biyu yana nemana cikin fadamu. Da na iso an riga an rufe ta.

Na tarar da tsohon zaune a ƙofar gida, mutane cike. Na durƙusa. Ya dube ni ya ce, da Hausa, don kowa ya ji, "Ka iya haƙa wa mutane rami. Na matarka wasu suka haƙa."

Na tashi. Na ɗauki ɗiyata, tana shekara tara, na kai ta wurin yayata. Shekara uku ban taka gidansa ba. In na hango shi a coci sai in fita ta ɗaya ƙofar. Surukata ta aiko sau biyu, na ce a gaishe ta.

Ƙarfe bai san ana fushi ba, ya ci gaba da dakushewa. Na ce mi ke cikin washi? Tun ina yaro nake wasa fartanya da adda. Na sami dutse na wasa bakin nan gaba da baya, yadda kowane ɗan Zuru ke wasa kowane ƙarfe. Ya yi kaifi har yana aske gashin hannu. A yashi yana tafiya. In ya tarar da laka sai ya yi ta sulɓi a kai. Muka riƙa zaɓen wurare masu taushi, muna ƙin sauran, muna cewa ba ruwa a wurin. Ƙarya ce. Daga baya na kai wa wani mai walda a cikin gari, ya ɗora a injinsa, wuta na tartsatsi, ya miƙo mini yana sheƙi, bakin ya yi shuɗi. Na ji daɗi. Ban san an ƙona shi ba.

A wata fadama kusa da Dabai asirina ya tonu. Wasu mata ne, yawancinsu mazansu sun mutu a soja, suka haɗa kai suka dasa albasa. Kududdufin da suke ɗiba ya kusa ƙafewa, rijiyarmu suke jira. Kwana huɗu ni da abokin aikina muna murɗawa, ba mu wuce ƙugu ba. Muka ɗora buhun ƙasa a kan hannun don ya yi nauyi. Muka zuba ruwa a ramin. A banza. Albasa ta fara kwanciya.

Shugabarsu, wata doguwar mata mai tsagen fuska, ta zo ta leƙa ramin. Ta ce, "Soja, wanga rami na shuka gyaɗa ne?"

Sauran suka yi dariya, irin wadda ba daɗi a ciki.

Na ce, "Ƙasar ce da tauri, Mama."

"Ƙasar da muke nomawa da hannu? Ko in kawo maka muciyata ka gwada?" Sai ta rage murya. "Kowa ya san inda ake gyara abin nan. Kai ma ka sani. Fushinka naka ne, albasar tamu ce."

Washegari da safe na kwance bakin biyu, na naɗe a tsumma, na tafi.

Surukata na shara a tsakar gida. Ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta daɗe tana kallona. Sai ta ɗaga murya, "Malam, ka yi baƙo." Haka take kiransa in tana son ta tsokane shi.

Yana zaune a maƙera, wuta a mace. Ya rame. Idanunsa sun yi fari, ashe yanar ido ta rufe su tun bara, ba wanda ya gaya mini, ko kuma an faɗa ta kunnen da ba ya ji. Na gaishe shi. Ya gane muryar. Hannu kawai ya miƙo. Na sa masa ƙarfen.

Ya bi na farko da yatsa, gaba da baya. Ya bi na biyu.

"Wa ya taɓa shi?"

"Ni, Baba."

"Kai da wa?"

"Da mai walda."

"Kai ka kashe shi, shi ya ƙona gawar." Ya jefar da ɗaya gefe. "Wanga ya tafi. Wanga kuma a gani. Zauna."

Wannan karon na zauna.

Ya ce wannan ba adda ba ce. Adda sara take yi, shi kuwa fera yake yi, kamar mai feren rogo. Fuska ɗaya ake wasawa, mai gangaren. Bayan kuwa a miƙe yake, ba a taɓa shi ko da wasa, don shi ke kwanciya a kan ƙasa ya ja bakin ciki. Na wasa bayan, na mai da shi tudu, shi ya sa yake hawa kan laka maimakon ya shige ta. Kaifin da nake taƙama da shi ba ya kallon ko'ina.

Hannunsa ba ya iya riƙe magagari, abin da ake goge ƙarfe da shi. Ya sa na ɗaure ƙarfen, ya kama hannuna na hagu ya ɗora a kai. Da ya ji gurbin yatsun sai ya ɗan tsaya. Bai taɓa riƙe hannun ba sai ranar. Ya gyara mini riƙon yadda yatsu uku za su isa, ya ce, "Tura gaba. Kada ka dawo da shi a kan ƙarfen, ɗaga. Ba zarto ba ne." Na tura. Ya ce, "Ka danne kamar kana kashe maciji. Sassauta." Muka yini a haka. Sai da na cinye kusan faɗin ɗan yatsa kafin tudun da na yi ya fita. Yana taɓawa yana cewa saura. Da ya gamsu sai aka koma kan dutse, da ruwa, a hankali.

Na biyun kuwa sabo muka ƙera, da guntun sifirin mota da ya daɗe yana ajiye da shi. Ni ke zuga, ni ke duka, shi yana riƙe da awartaki yana juyawa yana zagina. Wajen tsoma shi a ruwa ya ce kowa ya yi shiru, har surukata da ke daka ya sa ta tsaya. Ya kara kunne, ya tsoma, ya ciro, ya jira, ya sake tsomawa. Ya ce ya yi.

Da na ɗaura su a bokitin ya shafa ya ce har yanzu ba zai ci ba. Mazaunin notin ya cinye, bakin ya kwanta da yawa. Ya sa surukata ta kawo gwangwanin madara, na yanko siririn yanki, na ninka biyu, na cusa a bayan bakin kafin in ɗaure. Abin da ya ɗaga bai kai kaurin farce ba.

Ya ce, "Je ka. In ya ci da yawa har yana tsayawa, cire ninki ɗaya."

Ba mu yi maganar matata ba. Ba mu yi maganar shekara ukun ba. Da zan fita ya ce, "Yarinyar fa?" Na ce tana lafiya. Ya ce, "Ba ita na yi wa maganar nan ba. Ka kawo ta."

A Dabai murɗawar farko na ji ƙarfen ya ja hannuna ƙasa. Laka ta riƙa fitowa a naɗe kamar ɓawon rogo. Yini ɗaya da rabi muka kai ruwa. Rabin albasar ya riga ya mutu. Shugabar matan ba ta gode mini ba, kuma ban ga laifinta ba.

Bayan nan duk ranar da ba aiki ina maƙera. Shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage masa, ba mu sani ba. Washi ya zauna mini. Cusa gwangwani ya zauna mini, har ina gane yawan ninkin daga yadda hannun ƙarfen ke rawa. Ƙira ma ba laifi. Tsomawar ce ta gagara, kuma ita ce ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi. In ka yi sauri ya yi tauri ya fashe a kan tsakuwa. In ka yi jinkiri ya yi laushi ya lanƙwashe.

Da yana gani, da launi yake ganewa. Da ido ya tafi sai ya koma ganewa da ƙarar ruwan. Ni ina da ido, kunne ne babu. Sai ya ce, "Ka jira ya yi kamar karan dawa busasshe." In ce ya yi. Ya tsoma, ya kara kunne ya ce, "Ya wuce, wawa, wannan karan bara ne." In ya ce, "Ji, ji yadda yake kuka," ni ba abin da nake ji sai shuu. Wata rana ya jefar da awartaki ya ce, "Allah ya haɗa makaho da kurma ya ce su yi ƙira." Surukata ta yi dariya har ta riƙe ciki. Mu ba mu yi ba. Mun ɓata sifiri da yawa. Wanda na tsoma da hannuna ya yi kyau guda ɗaya ne, kuma har yau ban san abin da na yi daidai ba.

Da ya kwanta ciwon ƙarshe na bar aiki. An kira ni Sakaba na ce su jira ko su nemi wani. Ina zaune kusa da shi wata safiya, ɗiyata ta fita ɗebo ruwa, ya ce, "Soja."

"Na'am, Baba."

"Maganar nan da na yi maka."

"A bar ta, Baba."

"Ban ce ƙarya na yi ba. Na ce bai kamata a ranar ba. Kuma bai kamata a gaban mutane ba." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Ni ma ina gida, taku kaɗan tsakaninmu. Na ce zazzaɓi ne. Ban kai ta asibiti ba sai da ta daina magana."

Ban san wannan ba. Shekara huɗu da wani abu yana ɗauke da shi. Ban iya irin wannan maganar ba. Na gyara masa matashi. Ya ce hannuna wari yake, in je in wanke.

Kwana biyar bayan nan ya cika, da hantsi, surukata na riƙe da kansa.

Ban ce waliyyi ne ba. Bakinsa ya raba shi da mutane da yawa, kuma bai taɓa ba kowa haƙuri yadda ake bayarwa ba. Amma daga Dabai har Wasagu akwai fadamun da ake cin albasa da tattasai da rani, masu su ba su san fuskarsa ba. Suna cewa rijiyar Soja. Ba tawa ba ce. Ni murɗawa kawai na yi. Ina so a san wannan.

Bakin da ya tsoma da hannunsa yana nan a ƙarfena. Kowane washi yana rage shi. Da faɗinsa yatsu huɗu ne, yanzu bai cika uku ba. In na lallaɓa zai kai ni rani biyu, wataƙila uku. Ina da sifiri a ɗaki, ina gwadawa duk sati, suna fashewa. Na gaji, amma ɗiyata tana makaranta, kuma ban iya wani aikin ba.

Allah ya ba shi hutu, ya yi aiki da yawa. Allah ya riƙe tsohuwar da ya bari.

Jibi akwai rijiya a wajen Sakaba, an ce ƙasar tsakuwa ce. Na duba bakin da safen nan, yana son washi. Na bi shi da magagari sau uku kawai na tsaya.